Kubura Ta Ce Babu Komai A Ciki

Ɗanmaliki bai san kwamfuta ba, ita ma kwamfutar ba ta san shi ba. Mutuwa ce ta haɗa su. Da motar icce ta bi ta kan Gidaɗo da babur ɗinsa a hanyar Kankia, aka yi zaman makoki aka watse, sai shagon da yaron ya bari a bakin kasuwar Kusada ya zauna a kulle. Uban yaron, Bube, mutumin daji ne, bayan shanu kawai ya sani. Sai wan Bube ya miƙa hannu ya karɓi makulli, wai kada kayan marigayi su lalace. Sunan wan nan na yanka Ummaru. Tun da ya sayar da rabonsa na garke ya dawo cikin gari yana karkata hula, 'yan tasha suka laƙaba masa Ɗanmaliki, shi kuwa ya amsa da murna, bai gane tsiya ake yi masa ba.

Shagon na turi ne. Mutum ya kawo memori, ɗan katin nan da ake cusa wa waya, ya ce a tura masa wa'azi ko waƙa ko fim. Gidaɗo yana yin abin da yatsu kamar mai tsinkar zogale, baki na hira, ido na kan hanya. Shi kuwa Ɗanmaliki hanya ɗaya tak aka koya masa, ita ya riƙe kamar jakin mai ruwa. A kai kibiya kan abin da ake so, a danna kunnen dama na maus, wato ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, jerin rubutu ya zubo, a zaɓi wanda ke aikawa cikin memori. Iyakar iliminsa ke nan, amma in ka ji shi a majalisa sai ka rantse shi ya ƙera ta.

Tsallaken hanya, ƙarƙashin itacen bedi, wato darbejiya, nan Kubura ke sauke ƙwaryar nononta kullum. Ita ta haifi Gidaɗo, kuma shi ne ɗanta na fari. To, wanda ya san mutanen ruga ya san abin da wannan ke nufi. Daga yaye aka miƙa shi ga kakarsa Inno. Tun daga ranar suna Kubura ba ta taɓa furta sunansa ba. In ya zama dole sai ta ce “na Inno”, ko ta ce “wancan”. Ba ta yabe shi a gaban kowa ba, ba ta tambayi ko ya ci abinci ba in da mutum kusa. Ranar da aka kawo gawarsa ma ta shiga bukka ta ja ƙyaure, ba wanda ya ji muryarta, mata suka yi ta cewa kunya dai ta ƙare a kan Kubura. Ita kuma abin yana yi mata daɗi, kada ma a ɓoye. In ta ga matan gari suna rangaɗa wa ɗan fari kira a tsakiyar titi, har da shafa masa kai, sai ta taɓe baki ta kau da fuska. A wurinta waɗannan ba su da bambanci da kaza mai 'ya'ya.

Amma akwai abin da take so a cikin kwamfutar nan, so irin wanda ke hana tuwo wucewa.

Sallar layya ta ƙarshe da ya yi a duniya, ya zo ruga da sassafe ya tarar da ita tana tatsar farar saniya. Ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo, rabi fuskarsa rabi bayanta, yana dariya yana cewa, “Jama'a, ga Kubura mai nono. Matar nan ba ta san sunana ba. Duk wanda ya gaya mata, akwai tukuici.” Ta ɗauki karan dawa ta jefe shi, ya goce, dariyarsa ta cika wurin. Daga baya, wata rana da kasuwa ta yi sanyi, ya kunna abin a babbar sifikar shago har ta jiyo daga gindin bedi. Ta taso za ta tsawata, ya nuna mata da yatsa can ƙasa a kusurwar fuskar kwamfutar, wani ɗan hoto mai farar saniya. Ya ce, “Ga ki nan, na aje ki a lungu.” Ta ce masa marar kunya, ta koma kan ƙwaryarta. Wayar da ya ɗauka da ita ta niƙe tare da shi a kan kwalta. Muryarsa da dariyarsa, duk duniya, a lungun nan kaɗai suka rage.

Don haka ta sayi memori a kasuwar Kankia, inda ba wanda zai tambaye ta me za ta yi da shi, ta ƙulle a bakin mayafi. Dabararta ita ce ta ce a tura mata wa'azi, in hannun Ɗanmaliki ya saki sai ta ce, kamar abin bai dame ta ba, a haɗa mata da mai saniyar can don yara su gani.

Ta dama fura ta tsallaka da ita. Wan miji ne, sai ta durƙusa daga bakin ƙofa, ba ta shiga ba.

“Baffan yara, barka da aiki. Wa'azi nike so a sa mani, in da hali.”

“Ke ma kin waye ke nan,” in ji shi, yana gyara zama. “Kawo. Yanzun nan.”

Ya cusa memorin, ya buɗe wurin da wa'azin yake, ya kai kibiya, ya danna dama. Kibiyar ta rikiɗe ta zama ɗan zobe tana ta juyawa. Fuskar kwamfutar ta yi fari fat. Sai ta ƙifta, duk abin da ya buɗe ya rufe kansa, ta dawo yadda take kamar ba a taɓa ta ba. Ya sake buɗewa, ya sake dannawa, ta sake ƙiftawa ta watsar da shi. Ya yi tsaki ya danna da ƙarfi har teburin ya girgiza.

“Tun shekaranjiya haka take yi mani,” ya ce. “Hagu lahiya lau. Dama ce ba ta so. Halan kin ga abin da Badamasi ya yi?”

Badamasi shi ne mai ɗaya shagon turin, can kusa da masu facin taya. Bawan Allah ko gaisuwar kirki ba ta taɓa haɗa shi da Ɗanmaliki ba. Kubura kuwa ta san ba Badamasi ba ne. Daga gindin bedi ta ga abin da ya faru da idonta tun watan da ya karɓi makulli. Gidaɗo ba ya barin ko ƙuda ya sauka a kan na'urar nan. Ɗanmaliki kuwa, don a ce da shi mai kirki kuma wayayye, duk wanda ya zo da ɗan filashi, abin ɗaukar kayan kwamfuta, a aljihu sai ya tashi ya ba shi kujera. Mai cajin waya ya sa mata abin kashe bairos, wato cutar kwamfuta. Wani malamin makaranta ya sa mata wani abin kashe bairos ɗin, wai ya fi na farko. Ɗan bautar ƙasa ya sa abin matse fim, wani direba ya sa abin gyara hoto. Ita ba ta san sunan ko ɗaya ba, amma ta san ƙwaryar da kowa ke tsoma hannu ba ta kwana ba ta tsinke ba.

Magungunan da Ɗanmaliki ya yi wa kwamfutar nan, in aka ce za a lissafa, sai a ji kunya a madadinsa. Ya sayo sabon maus, ba ta fasa ba. Ya ce wutar janareto ce ba ta so, ya kai ta gidan mai sola, ta ƙifta musu can ma. Ya hura mata iska da baki ta kowace kafa. Ya gwada dannawa da hannun hagu, wai ko hannunsa na dama aka ɗaure. Ya ɗaura laya a wutsiyar maus ɗin, ya turara shagon da hayaƙi har mai shayi ya zo da bokiti yana tsammanin gobara ce. Masu kawo memori suka gaji da tsayuwa, suka koma wajen Badamasi ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ce ai ga shaida nan. Kubura na kallo, tana auna nono, takaici na cin ta. Namiji har namiji, da gemu, ya zauna yana rarrashin akwati kamar mai zawarci.

Da abin ya ishe shi ya ce Kankia za shi, wurin wani Injiniya Salman da ake ta labari. Ranar kasuwa ya zaɓa. Kubura ta ce ita ma dama tana da nonon da za ta kai. Suka shiga mota ɗaya, shi a gaba rungume da kwamfutar a cikin buhu, ita a baya tare da Haulatu, abokiyar tallarta daga ruga ɗaya, wadda bakinta ya fi ƙafarta sauri. Duk abin da Haulatu ta gani da hantsi, kafin la'asar ya kai har ƙauyen Mawashi.

Shagon Injiniya Salman ɗan kurkuku ne a layin masu waya, amma allon da ke samansa ya fi ƙofar girma. Shi kansa saurayi ne mai tabarau, ya toshe kunne ɗaya da abin sauraro, ya bar farcen ƙaramin yatsa ya yi tsawo. Suka yi sallama ya amsa da hanci. Ya dubi buhun, ya dubi ƙwaryar da ke kan Kubura, ya ja kujerarsa baya kaɗan. Kubura ta gani. Ta ce a ranta, uwarka ma da nono ta raine ka, ɗan nema. Ita da Haulatu suka sauke kaya a bakin ƙofa, wai su huta kafin su shiga kasuwa.

Ɗanmaliki ya fara zuba bayani tun daga Badamasi. Salman bai ko ɗaga kai ba. Ya cire layar da farce ya ture ta gefe. Ya kunna kwamfutar, ya kai kibiya fili inda babu komai, ya danna dama, jerin rubutu ya zubo lafiya lau. Ya kai kan wani fim ya danna, ta yi fari, ta ƙifta, ta rufe komai.

“Ka gani ko,” in ji Ɗanmaliki. “Wallahi aiki ne.”

“Aiki ne mana,” in ji Salman. “Aikinka.”

Ya kashe ta, ya sake kunnawa yana riƙe da wani maɓalli. Ta taso da fuska baƙa-baƙa, rubutun ya yi manya. Ya ce yanzu ya tashe ta ita kaɗai, ba tare da tarkacen da aka ɗora mata ba. Ya kai kibiya kan fim ɗin nan dai, ya danna dama. Jerin ya zubo, bai ko yi tari ba. Ɗanmaliki ya saki baki.

“Alhaji, ba maus ba ne, ba wuta ba ce, ba Badamasi ba ne. Duk manhajar da kuka sa mata, sai ta liƙa sunanta a cikin jerin nan da ke fitowa in an danna dama. Kun tara su sun fi na kowa a garin nan. Ɗaya daga ciki ta lalace. In ka danna, kwamfuta za ta kira su duka su jeru, in ta zo kan lalatacciyar sai ta faɗi, ta ja sauran.”

“To wace ce a ciki?”

“Oho. Sai an bi su ana kashewa ɗaya bayan ɗaya, ana gwadawa, har a kama mai laifin. Aikin zama ne, ni kuma yau kasuwa. Sai ka bar ta ka dawo wani satin.” Ya sosa kunne da farcen nan. “Ko kuma in yi mata fomatin. In share komai, in sa mata sabon tsari, in cika maka ita da finafinai da waƙoƙi na yayi. Yau ɗin nan ka koma da ita.”

Kowa ya san hannun 'yan gyaran nan. Ciwon kai fomatin, ciwon ciki fomatin. A ba su shinkafa a ce su tsince tsakuwa, sai su kifar da tiren su ce an huta. Shi kuwa Ɗanmaliki da ya ji an ce yau, kuma ya tuna layin mutanen da ke ƙofar Badamasi, ko tunani bai tsaya yi ba.

“A yi mata wannan ɗin.”

“To ka ji da kyau, don ba na son a dawo mani da magana. Komai da ke ciki zai tafi, kuma ba ya dawowa. Akwai abin da kake so in cire maka?”

“Mi ke ciki ban da tsofaffin finafinai? Ta ɗan ƙanena ce da ya rasu. Yaro ne, tarkace ya tara.”

Kubura na bakin ƙofa. Ta ji komai, ta kuma gane komai, kada wani ya ce ba ta fahimta ba. Daga inda take zaune tana hango kusurwar fuskar kwamfutar, ga ɗan hoton farar saniyar can a lungunsa.

Salman ya ɗago. Ko imani ne ya ɗan motsa masa, ko tsoron a dawo masa da magana ne, Allah masani.

“Ta mamaci ce? To iyayensa fa? Irin wannan akan samu hotuna.”

“Ga uwar tashi nan ma,” in ji Ɗanmaliki, ya nuna ƙofa da haɓa.

Salman ya cire abin kunnensa ya juyo gaba ɗaya, ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma.

“Inna, ke kika haife shi? Akwai hoton ɗanki ko wani abu nasa da kike so a ajiye maki?”

Ka ji marar tarbiyya. A gaban wan mijinta. A gaban Haulatu, wadda ta riga ta tsayar da taunar goro ta zuba mata ido. Ga wasu samari biyu masu jiran cajin waya su ma sun juyo. Ɗanki, wai. Ko surukarta Inno ba ta taɓa ce mata “ɗanki” ba. Memorin yana ƙulle a bakin mayafinta, tana jin tudunsa a tafin hannu. Abin da za ta ce bai fi ta ɗaga yatsa ta ce “wancan mai saniyar” ba. Amma shekara da shekaru ana nuna ta ana cewa ku koyi kunya wurin Kubura, kuma ta san kafin ta isa gida labari ya riga ta, cewa ta zauna a kasuwar Kankia tana roƙon ɗan birni hoton ɗan fari.

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta dubi ƙasa.

“Na Inno ne,” ta ce. “Ni mi zan yi da kayan yara? Babu komai a ciki.”

Haulatu ta gyaɗa kai ta ci gaba da tauna. Ɗanmaliki ya yi murmushi ya dubi Salman kamar mai cewa ka ga irin namu. Salman ya ɗaga kafaɗa ya mayar da abin kunnensa.

Kubura ta ɗauki ƙwarya ta shiga kasuwa, kuma ba ta fid da rai ba. Ta san 'yan gyara. Ta ga mai gyaran rediyo ya riƙe rediyon Bube tun daga shuka har girbi. Wannan mai farcen, da ganinsa ka ga malalaci, sai ya gama danne-dannen wayarsa, ya ci abinci, ya yi hira, kafin ya taɓa aikin mutane. Da an kira azahar Ɗanmaliki zai tafi masallaci, don ba ya wasa da sahun gaba in akwai masu kallo. Haulatu kuma za ta bi layin mahauta inda take da masu saye. Sai ta koma ita kaɗai, ta faɗa wa Salman a hankali, ba wanda zai ji. Ɗan birni ne, ba ruwansa da kunyar kowa, gobe ma ya manta fuskarta. Da wannan lissafin ta yi ta zuba nono, hankalinta na layin masu waya, har wata mata ta ce yau Fulani sun yi kyauta, don ludayin a cike take ba da shi.

Aka kira salla. Ta hango Ɗanmaliki ya fito yana naɗe hannun riga. Haulatu ta tsaya jan ciniki da wani tsoho kamar ba za ta tafi ba, da ƙyar ta ɗauki ƙwarya ta yi gaba. Kubura ta bar kayanta wurin mai gyaɗa, ta bi bayan rumfuna, ba ta bi ta hanya ba.

Ta tarar da Salman shi kaɗai yana cin awara da tsinke. Kwamfutar na buɗe a gabansa, fuskarta sabuwa ƙal, wani koren layi yana rarrafe a tsakiya. Ta shiga har ciki, abin da ba ta yi da safe ba. Ta kwance bakin mayafi da haƙori, ta ajiye memorin a kan tebur.

“Ɗan nan, akwai wani abu can ƙasa a kusurwa, mai hoton farar saniya. Shi nike so ka sa mani a nan kafin ka share.”

Ya dubi memorin, ya dube ta, ya ci gaba da tauna.

“Kafin in share? Inna, ai kuna fita na share. Finafinai ma nake zubawa yanzu, sun kusa cika ta.”

Aikin duniya da wannan malalaci ya taɓa yi da sauri ke nan. Ta dubi kusurwar. Babu komai a wurin, shuɗi ne kawai.

“Ka duba dai,” ta ce. “Ya ce a lungu ya aje.”

Ya yi tsaki, ya goge yatsu a wando, ya jawo kwamfutar.

“Da wane suna ya ajiye? Ko sunansa ya sa? Mene ne sunan nasa?”

Ta waiwaya. Ba kowa a ƙofa. Ta buɗe baki, sunan ya fito can ƙasa kamar na mai mura.

“Wa?” in ji Salman, ya ɗan ɗaga abin kunnensa. “Ɗaga murya mana.”

“Gidaɗo,” in ji Kubura.

Sunan da ta riƙe a ciki tun yana jinjiri, wanda ba ta ba uban yaron ba, ba ta ba yaron kansa ba ko da ya sa tukuici, ga wanda ta miƙa wa. Wani ɗan banza mai man awara a leɓe. Ya buga haruffan da yatsa ɗaya, ya jira kaɗan, ya juyo mata da fuskar kwamfutar kamar za ta iya karantawa.

“Babu mai wannan suna a nan.”

Ta ƙura wa lungun ido.

“Da ban zuba sababbin kaya a kai ba, da wataƙila a tono wani abu,” ya ce, ya soki wata awarar. “Yanzu kam an taka wurin. Kuma ai na tambaye ki, a gaban mutane, da bakina. Abin da ko dannawar dama ba ya buƙata. Ja kawai zan yi in jefa maki a katin nan, kafin ki gyara mayafi an gama. Ke kika ce babu komai.”

Da ƙarya ya yi da ta samu abin zagi. Ta so ta ce masa Allah ya isa, ta nemi laifin da za ta ɗora a kai ta rasa. Ta ɗauki memorin, ta mayar bakin mayafi ta ƙulle. Tana juyawa ta yi kiciɓis da Ɗanmaliki a ƙofa, goshinsa da ƙasar sujada bai share ba.

“A'a, Kubura, kin zo ganin ikon Allah? Tsaya ki gani.”

Ya karɓi maus ɗin daga hannun Salman, ya kai kibiya kan wani sabon fim mai hoton mutum da bindiga, ya danna dama. Jerin ya zubo tsaf. Ya sake, ya sake, yana dariya kamar yaron da aka saya wa balan-balan.

“Ta warke sarai. Badamasi ya shiga uku. Kawo katin naki, ke za a fara yi wa.”

“Na fasa,” in ji ta.

A motar komawa bakin Ɗanmaliki bai huta ba. Da ya gama ba direba labarin yadda shi da injiniya suka gano cutar tare, sai ya juyo baya ya nuna Kubura ga fasinjoji. Ya ce su dubi matar nan da kyau. Ya ce yau a gabansa ɗan birni ya tambaye ta ko tana son hoton ɗanta na fari da ya rasu, ko ƙifta ido ba ta yi ba ta ce babu ruwanta. Ya ce irin wannan kunya yanzu sai an tona. Haulatu ta ce wallahi a kan idonta aka yi, kuma yau sai Inno ta ji. Wani dattijo mai akuya a cinya ya ce Allah ya yi mata albarka, irinsu sun ƙare, matan yanzu sai rungume-rungume. Motar duka ta amsa da amin.

Da can irin wannan yabo yakan kwana yana yi mata ɗumi a ƙirji. Yau ta dube su ɗaya bayan ɗaya, mai karkatacciyar hula, mai jan haƙori, mai akuya, ta ji ba ta taɓa raina wasu mutane kamarsu ba. Don waɗannan ta yi shiru. Don bakin waɗannan.

“Adda, mi kika koma yi shagon?” in ji Haulatu a kunnenta.

“Ludayi na manta.”

Motar ta zo kwanar da hatsarin ya faru, inda har yanzu gindin wata bishiya yake a ɓare. Direba bai rage gudu ba, ba wanda ya lura. Kubura ta juya fuska wajen taga, iska na dukan mayafinta, ta sake faɗin sunan a hankali cikin ƙarar inji, don ta ji ko bakinta zai iya ba tare da an tilasta shi ba. Ya fito sumul, ko sarƙewa bai yi ba. Ashe tun can ma zai iya.